Kwana Ɗari da Ashirin

Tun da aka kafa dokar ƙirgen kwana, duk wanda ya yi kwana ɗari a waje cikin shekara ya zama baƙo a garinsu.

Inna Tasalla ta dawo Kano ranar Talata da hantsi, ƙofar unguwarsu ta ƙi buɗe mata. Shekara sittin da bakwai tana shige da fice ta nan. Ta bar jakarta wurin mai shayi, ta wuce ofishin ƙirge.

"Inna, kwananki ɗari da ashirin a waje," in ji ma'aikacin yana duban allo. "Legas, Jidda, Alƙahira."

"Yawo ka ga na tafi? 'Ya'yana uku ne suka haihu a shekara guda. Kowacce arba'in na zauna mata, ina dafa ruwan wanka, ina dama kunun kanwa. Uwarka ba a yi mata ba?"

"Allo bai san jego ba, Inna."

"To ka sanar da shi. Cibiyata a bayan ɗakin uwata aka binne ta, a garin nan."

Ya ce akwai gyara. Ta kwana ɗari biyu a jere a Kano, sai a mayar da sunanta. Ta tambayi kwana nawa ake barin baƙo ya yi.

"Talatin."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, ɗan ina ne kai?"

Sai da ya duba na'urar ƙirgen kwanan da ke ɗaure a hannunsa tukuna.

"Bana dai na nan ne, Inna."