Irin da Aka Bar wa Maƙwabci

Tunda ka ce kana so ka kawar da tumakin mahaifinka ka zuba waɗanda kasuwa ke so, zauna tukuna, ɗana, in ba ka wani misali.

A shekarun da ƙafata ke da ƙarfi na taɓa yada zango a wani ƙauye a bakin babban kogi, can yamma. Sunan garin ya ɓace mini, kamar yadda sunaye da yawa ke ɓace mini yanzu, amma tumakinsa ban manta da su ba. Ƙanana ne, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, ba su da kyan gani, sai dai Allah ya lulluɓe su da ulu mai laushi har goshi. A fadama suke kiwo, ƙafa cikin laka, ko a jikinsu. In an yi musu aski, mata su wanke ulun, su shanya, su tsefe, su kaɗa da mazari, sannan su zauna a inuwa da tsinkayen saƙa. Akwai wata a cikinsu, matar wani makiyayi, wadda in ta saƙa bargo masunta ke rububinsa, domin sanyin kogi ba ya ratsa shi.

Wata shekara, gab da Babbar Salla, mijin nan nata ya kai raguna kasuwar birni. Can ya ga Uda mai dogayen ƙafafu, gaba baƙi baya fari, ya ga Balami fari tas, ƙato kamar maraƙi. Mutane suna ta kewaye su. Nasa kuwa, wani dillali ya ɗaga ulun ɗaya da sanda ya ce, "Malam, rago ne a ciki ko tsumma ka tara?" Aka yi dariya. Dariyar nan ita ta biyo shi har gida, tare da wani ƙaton Uda da ya jawo a igiya. Ya dandaƙe ragunansa na ulu, wasu ya yanka. Matar ta ce, "Maigida, ka bar mana ko guda ɗaya, saboda iri." Ya ce, "Iri ai ga shi nan cike da gari. Ranar da kika so, sai mu aro na maƙwabta."

Da tumaki suka haihu, 'ya'yan suka fito dogaye masu sheƙi, har ana zuwa kallo. Maƙwabta suka fara aron ragon. Duk wanda ya ara sai ya kawar da nasa, yana cewa ai akwai a gidan wane. Ba wanda ya yi niyyar kashe iri, kowa dai ya bar wa ɗan'uwansa tsaronsa. Haihuwar farko ulunsu ya zo gauraye da gashi mai tauri, zaren yana tsinkewa a mazari, in an saƙa yana sukar jiki. Haihuwa ta biyu da ta uku, almakashi bai sami abin kamawa ba. Shekara nawa aka yi a haka, biyar ne ko bakwai, ba zan iya ce maka ba.

Sai aka yi wata damina da kogi ya cika ya ƙi komawa. Fadama ta daɗe a jiƙe. Tumakin nan jinin tudu ne, ba su san laka ba. Kofatansu suka ruɓe, ciwon hanta ya shiga garke, manyan nan da ake zuwa kallo suka koma ƙashi da fata, ana jan su bayan gari ɗaya bayan ɗaya. Da sanyi ya shigo, babu ulu a garin. Matar ta ɗauko tsohon bargo ta warware shi, ta saƙa wa jikokinta riguna. Da rigunan suka tsufa ta sake warwarewa ta yi huluna. Kowace warwara zaren yana ƙara gajarta, ƙulli yana ƙara yawa.

Abin da ya rage mata tunkiya ɗaya ce ta ulu, tsohuwa, haƙora sun zube, wadda ta hana a sayar. In an sami ragon ulu kafin ta mutu, wataƙila ta ba da haihuwa ɗaya. Mijin ya ɗauki igiya ya bi gidajen gari, babu. Ya bi bakin kogi ƙauye bayan ƙauye, ko'ina 'ya'yan Uda yake tararwa, waɗansu ma jikokin nasa ragon ne. A ƙarshe aka kwatanta masa wani dattijo a wani tsibiri, aka ce yana da guda. Ya shiga kwalekwale ya haye. Da ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo shi, dattijon ya nuna masa fata a shanye kan danga, ƙuda na binta. Ya ce, "Shekaranjiya muka yi suna da shi. Mu ai mun saki jiki, mun ji a garinku iri yake."

Ya komo da igiya a naɗe. Kwana biyu kafin isowarsa tunkiyar ta mutu. An gaya mini kafin a ja mushen sai da matar ta durƙusa ta aske shi da hannunta, ta wanke ulun, ta kaɗa a hankali. Da ta saƙa, bai kai hular jariri ba. Ta bar shi a jikin tsinken, ta soke a rufin ɗaki.

Ka je ka yi shawara da zuciyarka, ɗana. Abin da magabata ke nufi ke nan da suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.