Lambar Ƙarƙashin Fiffike

Taƙaitaccen bayani: mijin ƙanwata, mai tara tsofaffin jiragen wasa na katako, irin waɗanda ake cillawa su yi shawagi, ya ba da jirage goma sha ɗaya ya karɓi guda ɗaya, sannan ya tara 'yan ƙungiyarsu domin su naɗa shi shugaba albarkacin wannan jirgi.

An kira ni in rubuta takardar shaida, kasancewar na shekara talatin ina akawu. Na tarar da dattawa shida sun kewaye kabad ɗin gilashin da jirgin yake ciki, suna sanye da safar hannu, kai ka ce tiyata za a yi.

"Yaya, daga nesa dai," in ji surukin nawa. "Wannan ba fayil ba ne. Dubi lambar kamfani a ƙarƙashin fiffike. Uku suka rage a duniya."

"Biyu," in ji wani mai furfura, yana gyara tabarau.

Na duƙa na duba. Lambar tana nan da shuɗin tawada, bakwai ɗin da ke cikinta ya karkace kamar yadda na san shi.

"Na san kamfanin," na ce. "Hatimin karɓar wasiƙu ne na ofishinmu. Ni na sassaƙa jirgin daga katakon akwatin takardu. Na yi fiye da ɗari, mai shara yake kwashewa."

Asarar da aka tabbatar: jirage goma sha ɗaya, kujerar shugaba ɗaya, da gaisuwar ƙanwata, wata huɗu ke nan.