Hatsin Alhaji Sharif

Buhun hatsi biyu, jarkar man gyaɗa, bargo ɗaya. Abin da ya rage ke nan a bayan mota lokacin da Abdulmumini ya shiga Matankari.

Kayan na gidauniyar Alhaji Sharif ne, attajirin wake na Dogon Dutsi da ya yi wakafin rumbunansa duka ga mabuƙata. Abdulmumini tsohon direbansa ne, yanzu shi ke raba kayan. Da kasuwa ta karye, an ce Alhaji ya koma Yamai wurin 'ya'yansa.

Mai unguwa, da ke nuna masa mabuƙata, ya nuna wani ɗakin haya. "Tsoho ne, baƙo. Kwana biyu ba mu ga hayaƙi a gidan ba."

Abdulmumini ya yi sallama, ƙofa ta buɗe. Alhaji Sharif ne, ya rame, riga ta yi masa yawa.

Abdulmumini ya durƙusa. "Baba, don Allah, ko tiya ɗaya. Ai hatsinka ne."

"Na riga na ba Allah. Ka taɓa ganin wanda ya yi sadaka ya dawo ya ci?"

"Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

Ya ja ƙofa ya rufe. Daga ciki ya ce, "Kai wa gidan gaba, akwai yara. Ni ba zan ci ba."