Amsar Tafinta

"Ungozoma ta ce, kina samun barci?" in ji tafintar asibitin.

"Lafiya lau," in ji mai jego, ta ƙara rungume jaririnta.

Tun a masaukin 'yan gudun hijira mata suka karantar da ita cewa amsa ɗaya ce. Wadda ta ce tana kuka, wai raba ta da ɗanta ake yi, don a nan har baƙin ciki sai an cika masa fom.

"Kina jin rayuwa ta ishe ki?"

"Lafiya lau."

Sai dai kalmomi biyun nan da suka shiga bakin tafinta sun ƙi ƙarewa. Ta yi ta zuba yaren ƙasar. Ungozoma ta ajiye biro, ta tashi ta rufe ƙofa.

Mai jego ta juya ga tafinta.

"Yaya, don Allah me kika ce mata? Ni fa lafiya na ce."

Ungozoma ta taho, ta wuce ta, ta durƙusa gaban tafinta. Sai a lokacin mai jego ta lura ruwan nono ya jiƙa gaban rigar tafintar.

"Taki na faɗa tun farko," in ji tafinta. "Sauran tawa ce. Wata huɗu da haihuwata ina fassara tambayoyin nan, ba wanda ya taɓa yi mini su."

Mai jego ta daɗe tana kallon ɗanta.

"To, Yaya, ki ce mata mu biyu ne."