Birki Kafin Gudu

Ka ji wani misali. Akwai wani mutum mai mota mai turbo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, wanda aiki yake kai shi Jos daga Kaduna kusan kowane mako. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne bin bayan tireloli a hawan dutse, yana shaƙar hayaƙi. Da ya ji ana saita kwamfutar mota ta ƙara ƙarfi, sai ya nufi garejin wani dattijon makanike, ya ce a buɗe mata wuta har ƙarshe. Dattijon ya leƙa ƙarƙashinta, ya shafa tayoyin, ya ce, "Alhaji, zan ƙara mata, amma kaɗan. Kafin nan sai an sake birki da tayoyi da lagireto, don abin da zai tsayar da ita ya fi ni damuwa." Ran mutumin ya ɓaci, ya ɗauka so ake a sayar masa da kaya. Dattijon ya lura, ya ce ya je ya sayo su duk inda ya ga dama. Haka ya yi, yana gunaguni, motar ta yi kwana tara a garejin.

Bayan wata biyu ya ɗauko mahaifiyarsa da matarsa za su gaisuwar rasuwa. A wani hawa ya taka totur, motar ta wuce tirela ba wahala, har ya yi murmushi. Yana shan kwana sai ga tankar mai ta mutu a tsakiyar titi, ko ganyen gargaɗi ba a zuba ba, ga rami a gefe. Ya danne birki da dukan ƙarfinsa. Tayoyin suka kama kwalta, motar ta tsaya cak, tsakaninta da tankar bai kai taku uku ba. Ya daɗe riƙe da sitiyari, tsohuwar tana salati a baya. A dawowa ya biya garejin da kwandon dankali, ya ba dattijon labarin abin da ya faru, ya yi masa godiya. Dattijon ya karɓa, ya tambaye shi jikin Hajiya, mahaifiyar tasa, ya koma kan aikinsa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.