Keken Madara a Filin Tsere

Jikin jaririya Noreen zafi zau, ga tsohon dokin kamfanin man shanu sai jan ƙafa yake. Enid ta gyara ɗaurin 'yarta a ƙirji, ta kaɗa linzami da hannun da ya gaji.

"Likita yana filin tsere, baiwar Allah," in ji mai gadin asibiti. "Yau Asabar. Ko mutuwa sai ta jira."

Enid ta tsani filin nan. A can dokin ya yi ta zuwa na ƙarshe, har mijinta ya haƙura ya sayar wa kamfani, ita da dokin suka koma dakon madara.

Da isarta filin, ƙofar da ta tarar a buɗe ta kutsa, ashe ta 'yan tsere ce. Aka buga ƙararrawa, tsohon dokin ya miƙe kunne, ya zabura da gudu. Garewanin madara na ƙara, dawakai na firgita suna ba shi hanya, Enid na ƙanƙame da 'yarta, har suka zo na ɗaya.

Alƙalin tsere, wanda shi ne likitan, ya taho da kofin nasara yana haki. "Ke, wa ya sa ki a tseren nan?"

"Ajiye kofin, likita," ta ce. "Taɓa goshinta."