Wayar da Tasalla Ta Naɗa

Shekara biyu Shitu, makanikin injin ruwa a mahaƙar kuza ta Riruwai, yana yi wa Tasalla zarya, amsarta ɗaya ce: "Sai na yi shawara." Bazawara ce gwanar kaɗi, shi ya sa da kwayil ɗin injin, wato naɗin wayarsa, ya ƙone, ita ya kai wa siririyar wayar tagulla ta naɗa masa sabo.

Ran gwaji ya ɗauko batir har ƙofar gidansu.

"Riƙe bakin wayar nan, ranki ya daɗe."

Ya jona. Ta taɓe baki. "Ban ji komai ba. Aikin banza ka sa ni."

"Muddin wutar na tafiya salin-alin, shiru za ki ji. Sai an katse ta farat ɗaya take nuna ƙarfinta."

Ya fizge wayar daga batir. Wutar ta ja Tasalla a hannu, ta daka tsalle ta kurma ihu, kaji suka watse.

"Allah ya isa, Shitu!"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya gimtse. "Tunda injin zai tashi, aikina ya ƙare. Jibi motar kuza za ta tafi da ni Jos. Ba dawowa."

Ta daina yarfa hannu. Ta dube shi, ta dubi wayar da ta naɗa, idonta ya ciko.

"Jibi?"

"Jibi."

"To me kake tsaye kana yi? Waliyyina, Kawu Balarabe, yana zaure. Shiga kafin ya fita la'asar!"

Shitu ya kwasa a guje, ya bar batirin kamfani a rana.